Fina-finan Koriya da na Sin sun hana ni barci, sun fara shiga tsakanina da maigidana

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, shekarata 31, 'ya'yana biyu, ina kuma aiki. Shekara biyu ke nan da na fara kallon fina-finan Koriya da na Sin masu dogon zango a waya. Da farko kashi ɗaya nake kallo kafin in kwanta, yanzu ƙarfe uku na dare kan same ni ido biyu, alhali ƙarfe shida nake tashi. Ina kuka, ina dariya, wani lokaci har in yi magana da ƙarfi ni kaɗai. In fim ya ƙare sai in kwana uku jikina a mace kamar an yi mini rasuwa. Data kuwa ba a magana. Abin da ya fi damuna shi ne na fara ganin maigidana kamar bai iya soyayya ba, har ran nan na faɗa masa da bakina, tun daga ranar bai sake sakin fuska ba. Sau biyu ina goge manhajojin, sau biyu ina mayar da su. Ciwo ne ke damuna? In daina gaba ɗaya ne, ko akwai yadda zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Bari mu fara sauke miki nauyin da ya fi danne ki: kuka da dariya a gaban fim ba ciwo ba ne. Don su aka yi fim ɗin, kuma waɗanda suka yi shi gwanaye ne a sana'arsu. Abubuwa biyu ne suka lalace a wasiƙarki, barcin awa uku da maganar da kika yaɓa wa maigidanki. Dukkansu suna gyaruwa, kuma ba sai kin rabu da kallo ba.

Ba za mu ce ki daina kwata-kwata ba, don kin gwada har sau biyu kin ga yadda aka ƙare. Akwai dalili. Mai goge manhaja yakan goge ta ne da safe, cikin jin haushin kansa, a tsakiyar labari, ya bar jaruma a kurkuku ko jarumi kwance da kibiya a ƙirji. Zuciya ba ta son abin da aka fara ba a gama ba, sai ta yi ta komawa kansa kamar harshe da haƙori mai ciwo. Bayan kwana biyu a sake saukewa "don a ga ƙarshensa kawai", daga nan a zarce. Abin da za ki ƙwato shi ne ikon zaɓar inda za ki tsaya. A yanzu wasu ne ke zaɓar miki, su kuwa ba su tanadar miki wurin tsayawa ba.

Mu yi lissafi tukuna, don yawancin masu kallo ba su taɓa yin sa ba. Fim ɗin Koriya da aka saba gani kashi 16 ne, ko da yake da yawa yanzu suna tsayawa a 12, kowane kashi kuma yakan ci minti 60 zuwa 70, wasu ma su haura 80. Kashi 16 sau minti 65, awa 17 ke nan da ɗoriya. Na Sin kashinsu ya fi gajarta, wajen minti 45, amma ya fi yawa. A 2020 hukumar rediyo da talabijin ta ƙasar ta fitar da sanarwa mai ba da shawarar kada fim ya riƙa wuce kashi 40, shi ya sa da yawan waɗanda suka fito bayan nan suka tsaya a 36, 38 ko 40. Na gabanin haka kuwa akwai masu 50, 60, har 70 da 'yan kai. Kashi 40 sau minti 45 awa 30 ne cif. In kika cinye shi a mako guda, kin ba shi fiye da awa 4 kowane dare, kuma daga barcinki aka yanko su. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7, ke kina samun 3. Bashin awa 4 a kowane dare, cikin kwana biyar na aiki ya zama awa 20. Saurin fushi, mantuwa, ciwon kai, ganin laifin wanda ke kusa da ke, rashin barci kaɗai yana iya kawo su duka. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar maigida.

Yanzu ga yadda aka ɗana tarkon. Asalin fina-finan Koriya don talabijin aka tsara su, a tashoshi irin KBS, MBC, SBS, tvN da JTBC, kashi biyu a mako, misali Litinin da Talata, ko Asabar da Lahadi. Aikin marubuciya, don galibinsu mata ne, shi ne ta dawo da mai kallo gaban akwatinsa bayan kwana shida. Saboda haka minti biyar na ƙarshen kowane kashi nan ake zuba duk abin da ke tsinka rai: a buɗe ƙofa a ga wanda aka zaci ya mutu, a tsayar da hoto cak a kan fuskar jaruma, waƙa ta tashi, sannan a ɗanɗana miki gutsuren abin da ke tafe. Mai kallo a can ba shi da zaɓi sai ya jira. Ke kuwa duka 16 ɗin suna tafin hannunki, na gaba kuma yana kunna kansa bayan 'yan daƙiƙu. Ƙugiyar da aka ƙera don ta riƙe mutum mako guda ita ake saka miki duk bayan awa ɗaya.

Maganin wannan shi ne mafi muhimmancin abin da za mu faɗa miki: kada ki ƙara tsayawa a ƙarshen kashi. In kashi ya ƙare, ki shiga na gaba, ki kalli minti 15 zuwa 20, ki kashe. A cikin waɗannan mintunan ne ake warware abin da aka rataye ki da shi, a gane wanda ya buɗe ƙofar, a kai mai rauni asibiti, sannan labarin ya lafa, a koma hirar ofis ko abokan jarumi masu ban dariya. Nan ne wurin tsayawarki. Gobe ki tashi daga minti na 20 na kashi na biyar, ki tsaya a minti na 20 na kashi na shida. Tsawon kallon bai canza ba, amma kin kwanta da amsa a hannu maimakon tambaya. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su ce bari su ƙara kaɗan, su wuce minti 40, inda aka fara ɗaura sabon ƙulli. In kin wuce nan kin sake shiga. Ki saita agogon wayarki ya buga bayan minti 20 tun da kashin ya fara, kada ki dogara da ƙiyasinki.

Na Sin sun ɗan bambanta. Da yawansu kamar dogon fim guda ne aka yayyanka shi daidai minti 45, har wani lokaci a yanke ana tsakiyar magana. Su labarinsu gaɓa-gaɓa yake tafiya: wata shari'a da za a warware cikin kashi biyar ko shida, wani makirci na fada da zai ƙare da faɗuwar wata matar sarki, ko a na aljanu da alloli, rayuwa guda daga cikin rayuwa ukun da masoyan za su yi. A nan ki lura da inda aka canza gari ko aka rubuta "bayan shekara uku", ki tsaya a wurin ko da tsakiyar kashi ne. Ki kuma tsallake waƙar buɗewa da ta rufewa, ba don lokaci kaɗai ba, sau da yawa hotunan cikinsu suna tona abin da zai faru can gaba, su ƙara miki ɗokin kaiwa wurin.

A 2017 wasu masu bincike biyu, Liese Exelmans da Jan Van den Bulck, sun wallafa nazari a kan matasa 423 'yan shekara 18 zuwa 25. Sun samu cewa masu yawan jera kashi bayan kashi sun fi kukan rashin barci mai kyau da gajiya, kuma abin da ya haɗa biyun shi ne ƙwaƙwalwa tana nan a tashe tana juya labarin bayan an kashe allo. Wato rage hasken waya kaɗai ba zai wadatar ba. Ki bar tazarar aƙalla minti 45 tsakanin kashe fim da kwanciya. Mai tashi ƙarfe shida tana son ta yi barci ƙarfe goma sha ɗaya, don haka kallo ya ƙare goma da kwata.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a yanke shawarar tsayawa ƙarfe ɗaya na dare. Da rana za ki shirya komai, lokacin da hankalinki ke hannunki. Ki shiga saitin manhajar ki kashe abin da ke kunna kashi na gaba da kansa. Netflix na da shi a saitin kowane mai kallo, galibin sauran ma suna da irinsa. Ki sauke abin da za ki kalla da daren tun da rana, kashi biyu kacal, sannan da dare ki kashe data. Ki duba kuma, Netflix na da wani saiti da ke goge kashin da kika gama ya sauke na gaba da kansa in ya samu Wi-Fi, shi ma ki kashe shi, in ba haka ba shingen ya tashi a banza. Wayoyin Android suna da Digital Wellbeing, iPhone na da Screen Time, inda za ki ƙayyade wa manhaja minti 90 a rana. Ga ramin da ke ciki: ƙidayar tana komawa sabuwa da ƙarfe goma sha biyun dare. Wadda ta daure ta kai sha biyu sai ta tarar an sake buɗe mata wasu minti 90. Saboda haka ki haɗa da saitin lokacin barci, wanda ke rufe manhajoji ko ya mayar da fuskar waya fari da baƙi daga ƙarfe kaza zuwa safe. In wayarki tana karɓar lambar sirri a wannan saitin, wata 'yar uwa da kika yarda da ita ta saka, ke kada ki sani.

Sai kuma gado. Ki daina kallo a kwance. Ki zauna a kujera, fitila a kunne, in kin gama ki jona wayar a caji a wani ɗaki, ki sami ƙaramin agogo mai ƙararrawa don tashi. Muddin wayar tana ƙarƙashin matashi, duk farkawar da kika yi cikin dare dama ce ta "minti goma kawai".

Kada ki yi tsammanin daren farko za ki kwanta sha ɗaya barci ya ɗauke ki. Jikin da ya saba da ƙarfe uku sai an lallaɓa shi. Ki riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 30 zuwa 45 duk bayan kwana biyu, lokacin tashi kuma ya zauna daram, har ranakun hutu. Da safe ki fita ki sha hasken rana ko na minti 15 ne. In barcin rana ya zama dole, kada ya wuce minti 30, kada kuma ya kai yamma. Cikin mako biyu zuwa uku za ki iso inda kike so. In kin kwanta kin yi kamar minti 20 barci bai zo ba, ki tashi ki zauna cikin haske kaɗan, ba waya, sai kin ji shi ki koma.

Zaɓen fim ma yana da nasa ƙa'ida. Ɗaya a lokaci guda. Kafin ki fara, ki duba yawan kashinsa a shafi irin MyDramaList, ki ninka da mintunan, ki raba da minti 90, ki ga kwana nawa kike shirin bayarwa. Mai awa 30 kwana 20 ne. In kin yarda, bismillah. Mafi sauƙin hanya ga mai halinki ita ce bin fim ɗin Koriya da ake kan nunawa yanzu, don kashi biyu ne a mako, ko kina so ko ba kya so sai kin jira. Wannan dabarar ba ta cika aiki a na Sin ba, domin iQIYI, WeTV da Youku sukan saki kashi ɗaya ko biyu kusan kullum ga masu biyan kuɗin wata.

Ki kuma ba kanki izinin ajiye fim a hanya. Na Koriya da yawa sukan yi rauni daga kashi na 11 zuwa na 14: jarumi ya rabu da jaruma "don amfaninta" ba tare da ya gaya mata dalili ba, ko mota ta buge wani ya manta komai, a cika lokaci da tuna baya. Wani ɓangare na dalilin shi ne an daɗe a can ana ɗaukar fim yana kan nunawa, rubutun wani kashi ya iso hannun 'yan wasa a ƙurarren lokaci. A Sin kuwa da yake a kan yawan kashi ake sayar da fim, an yi ta jan labari, su da kansu suna kiran abin "zuba ruwa", kuma shi ne ya jawo sanarwar 2020 ɗin. Ba bashin kowa a kanki. In kin ga an fara zuba ruwa, ki karanta taƙaitaccen bayanin kashi uku cikin minti goma, ki tsallaka. Abu guda da za mu ce ki nisanta ɗungurungum shi ne gajerun fina-finan nan na tsaye, masu kashi 60 zuwa 100, kowanne minti ɗaya ko biyu, a manhajoji irin ReelShort da DramaBox. Su ba su da tsakiyar da za ki tsaya, duk minti ƙugiya ce, kuma bayan 'yan kashin farko na kyauta sai an sayi "sulalla" na cikin manhajar da kuɗi a buɗe na gaba.

Data kuwa lissafinta a fili yake. A ma'aunin Netflix, ƙaramin inganci yana cin kusan gigabait 0.3 a awa, matsakaici 0.7, mai kaifi sosai har 3. Fim mai awa 30 zai iya cin gigabait 9, ko 21, ko 90, gwargwadon abin da kika zaɓa, kuma a fuskar waya matsakaicin ya isa. Ki guji shafukan sata da manhajojin da ake turo wa mutum a saƙo. Ban da tallan caca da na batsa da ke faɗowa, wasu suna neman izinin shiga lambobinki da saƙonninki. Fassararsu ma galibi ta inji ce. A Sinanci "shi" da "ita" lafazinsu ɗaya ne, Koriyanci kuma yakan bar su gaba ɗaya, sai ki ga inji ya mayar da sarauniya namiji a tsakiyar zance.

Af, tunda mun taɓo harshe: wadda ke kallo ido a buɗe ta fi mai gyangyaɗi cin moriyar fim. A Koriyanci akwai maganar girmamawa akwai ta sabo, kuma ranar da jarumi ya sauka daga ta farko zuwa ta biyu babban al'amari ne a labarin, fassara ba ta nuna shi sai kunne ya kama. Haka ranar da ta daina kiransa da muƙaminsa na ofis ta kira sunansa. Wadda ke kashi na shida a jere ƙarfe biyun dare duk wannan wuce ta yake yi.

Mutuwar jikin da kike ji in fim ya ƙare sananniya ce. Tun 1956 wasu masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi bayanin yadda mai kallo ke ƙulla alaƙa ta ɓangare guda da fuskar da yake gani a allo, ya san ta kamar aboki, ita ba ta san da shi ba. Kin yi awa 30 kina kallon fuskar mutum kusa da kusa, kin ga hawayensa, kin san sirrinsa. Wataƙila ko 'yar uwarki ta jini ba ta sami awa 30 ɗinki a watan ba. Dole rabuwar ta yi zafi. Kuskuren shi ne a danne zafin da sabon fim a daren. Ki ba da tazarar kwana uku zuwa bakwai. Kada ki kalli kashin ƙarshe da dare, ki ajiye shi sai ranar hutu da rana, ki gama ki tashi ki shiga mutane. Ki sami ƙawa mai kallo ku tattauna shi baki da baki, hira tana sauke abin da shiru ke tarawa. In kina cikin zaurukan masoya jarumai, ki sani akwai 'yan damfara da ke buɗe shafi da sunan jarumi su riƙa turo saƙon soyayya. Duk "jarumin" da ya nemi kuɗi ko katin kyauta ɓarawo ne.

To, mu zo kan maigida, don nan ne abin ya fi tsada.

Mutumin da kika auna shi da shi babu shi a duniya. Ba ma cewa ya yi ƙaranci, cewa muke babu shi. Kalaman da suka narkar da ke wata ce ta zauna watanni tana rubutawa tana gogewa. Kallon nan na daƙiƙa goma da ya yi mata a ƙarƙashin laima, an ɗauke shi sau da dama ta kusurwa daban-daban, ruwan saman na tiyo ne, akwai mai riƙe da faifan haske a gaban fuskarsa, mai kwalliya na tsaye a gefe, daga baya aka rage gudun hoton aka ɗora waƙa. Tun 2010 dokar Koriya ta halatta saka tallan kaya cikin shirin talabijin, don haka motar da ya zo da ita da agogon hannunsa sau da yawa talla ne. A fina-finan Sin masu labarin zamanin da kuwa, sau tari muryar da kike ji ba ta jarumin ba ce, wani gwanin murya ne ya ɗora ta a ɗakin naɗa sauti. Kin ga ke nan fuskar mutum ɗaya, muryar wani, kalaman wata. Ki nemi bidiyon bayan fage na fim ɗin da ya fi taɓa ki, ki kalli biyu ko uku, ki ga jarumin yana hamma cikin bargo yana jiran a gyara fitila. Yana warkar da abu da yawa.

Ki lura kuma da inda labaran ke tsayawa: yawanci ranar da aka daidaita ko aka yi aure. Shekara ta takwas, da kukan yaro cikin dare da gajiyar aiki, ba a cika ɗaukarta ba. Su kansu ƙasashen ba haka rayuwa take musu ba. A 2023 adadin haihuwa a Koriya ta Kudu ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya, kuma sai a 2018 aka fara aiki da dokar taƙaita aiki zuwa awa 52 a mako. A Sin, auren da aka yi wa rajista ya sauko daga fiye da miliyan 13 a 2013 zuwa wajen miliyan 6 a 2024. Matan can ma don su huta da gajiyar duniya suke kallon. Wasu abubuwan ma da kiɗa ke ƙawatawa, in kika cire kiɗan ba so ba ne: fizgar hannun mace a ja ta, bibiyarta a ɓoye, yanke mata hukunci ba shawara.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma ba za mu ce miki duk abin da kike ji ƙarya ne ba. Fim yana taɓa wurin da dama akwai ƙishi. Ki ɗauki takarda ki rubuta wurare uku da suka fi sa ki kuka, ki duba abin da ya haɗa su. Da wuya ki tarar mota ce ko kyawun fuska. Galibi za ki tarar ya saurare ta har ta gama magana, ko ya tuna wani ƙaramin abu da ta taɓa faɗa, ko ya tsaya mata a gaban mutane, ko ya lura ta gaji ba ta faɗa ba. Wannan ita ce buƙatarki ta gaskiya, kuma abu ne da namiji mai rai zai iya yi in an gaya masa a fili.

Sai dai haƙuri ne farko, kuma shi kaɗai, ba a haɗa shi da ƙorafi a zama guda. Ki sami lokacin da yara suka yi barci, waya ba ta hannunki, ki ce masa: "Abban yara, maganar da na faɗa ran nan ban kyauta ba. Na haɗa ka da abin da ba gaskiya ba, na kuma san ta yi maka ciwo. Ka yafe mini." Kada ki ƙara da "amma kai ma". Ki gaya masa tsarin da kika ɗauka, ƙarfe nawa za ki riƙa kashewa, ina wayar za ta kwana, don ya gani da idonsa. Ki tuna shi ma shekara biyu yana kwana kusa da bayan da aka juya masa da hasken waya. Kada ki ƙosa in bai sake nan take ba.

Bayan mako biyu ko uku, barcinki ya fara dawowa, ki sake duba ƙorafin naki. Wani zai zube da kansa, don gajiya ce ta haife shi. Wanda ya rage shi za ki kai masa, guda ɗaya, ƙarami, mai lokaci: "Ina so in ka dawo mu zauna minti 20 mu yi hira, ba waya a hannun kowa." Kada sunan wani jarumi ya fito a zancen har abada. In yana da sha'awa, ku zaɓi wani na tarihi, na yaƙi ko na binciken laifi ku riƙa kallon kashi ɗaya tare a ƙarshen mako, a babban allo. In ba ya so, kada ki matsa.

Yaran kuma, ki duba lambar shekaru kafin su zauna kusa da ke. Koriya tana sa wa shirye-shiryenta 7, 12, 15 ko 19, kuma mafi yawan waɗanda manya ke kallo 15 ne. Sin ba ta da irin wannan tsarin, don haka na fada da na takobi ki fara dubawa da kanki, akwai azabtarwa da shan guba da kisan kai a cikinsu ko da tufafin suna da kyau.

Akwai inda shawararmu ta tsaya, likita ya karɓa. In kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abubuwan da kike jin daɗinsu da sun daina burge ki, ko kin lura kina kallon ne don kada ki kaɗaita da tunaninki, ki ga likita ko masanin halayyar ɗan Adam. Haka in kin bi tsarin nan amma barci ya ƙi zuwa dare uku a mako har wata uku. In tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, wannan ba ya jiran mako biyu, ki gaya wa wani na kusa a ranar ku tafi asibiti.

Fim ɗin da kike tsakiyarsa yanzu kada ki goge shi. Da shi za ki fara gwajin: yau da rana ki kashe kunna-kai, ki sauke kashi biyu, ki saita agogo, ki tsaya a minti na 20 na kashi na biyun. In wani dare ya kuɓuce miki, ki tashi ƙarfe shida kamar kullum, ki duba wane shinge ne ya faɗi, data ce aka bari a kunne ko waya ce ta koma gado, ki gyara shi kafin magariba. Allah ya daidaita tsakaninku.